Auta, Ba Zan Sayo Maka Sufacaja Ba

Edgbaston, Birmingham

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga Hajiya, da Yaya da iyalinsa, da Kawu, da duk abokan arziki na gida da na nan Ingila. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ruwan da ba ya gajiya da sauka.

Yau ba labarin Turawa zan ba ku ba, maganar cikin gida ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kusan wata biyu ke nan Auta yana bi na da waya a kan in sayo masa wata na'ura da ake kira sufacaja in aika masa Kano, ya ɗaura wa Hondarsa, wadda ake yi wa laƙabi da Discussion Continues. Na ce masa a'a. Ya kai ƙara wurin Yaya, Yaya ya ce ai yaro ne, a bar shi ya yi zamaninsa. Daga nan magana ta isa kunnen Hajiya, ita kuma ta kira ni ranar Juma'a tana cewa, "Kai da Allah Ya buɗa wa, ɗan ƙarfen mota ne zai gagare ka saya wa ƙanenka?" Har na ji an fara raɗa cewa zaman Turai ya koya mini rowa. To tunda abin ya zama na taro, bari in ba da amsa a gaban kowa. Ba zan saya ba, kuma ko wani ne ya ce zai saya masa kyauta, zan roƙe shi don Allah ya bari. Ga dalilaina, wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini.

Da farko bari in yi wa Hajiya bayanin abin da ake magana a kai, don na san an ce mata ɗan ƙarfe ne kawai. Injin mota yana aiki ne da iska da fetur. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, a fesa mata mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su fashe su tura shi ƙasa. Kowane awo ɗaya na fetur yana bukatar wajen awo 15 na iska, a nauyi, kafin ya ƙone sosai. Saboda haka yawan iskar da ta shiga shi ne iyakar ƙarfin injin. Motar Auta, kamar yawancin motocin da ke titinmu, da kanta take shaƙar iskarta, kamar yadda mutum yake numfashi. Ita kuwa sufacaja zugazugi ce irin ta maƙera. Ana ɗaura ta da bel a jikin injin, injin ya juya ta, ita kuma ta riƙa ɗura masa iska da ƙarfi fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, fashewar ta ƙara ƙarfi. Ba ma kwatance ba ne da na ce zugazugi, domin wasu 'yan uwa biyu a jihar Indiana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar irin wannan famfon iska a 1860, kuma don hura wutar narkar da ƙarfe aka fara amfani da shi. Sai daga baya aka kai shi mota, inda kamfanin Mercedes ya nuna nasa a Balin a 1921. Bambancinta da turbo shi ne ita turbo hayaƙin salansa ne yake juya ta, ita kuwa sufacaja daga ƙarfin injin take cin rabonta kafin ta ba shi ƙari.

Ba zan ɓoye gaskiyar Auta ba. A maganar ƙarfi zalla, yana da hujja. Idan ka bar injin yana numfashi da kansa ka ce za ka ƙara masa ƙarfi ta hanyar sauya bututun iska, da buɗe salansa, da gyara lissafin kwamfutar motar, abin da za ka samu kaɗan ne, sau da yawa bai wuce doki biyar zuwa goma ba, sai ƙarar da za ta hana maƙwabta barci. Amma sufacaja tana iya ƙara kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Motar da ke da doki ɗari da sittin da 'yan kai, irin tasa, tana iya haura ɗari biyu. Kuma da ka taka totur take amsawa, babu jira. Na hau, na ji, akwai daɗi. Ban ce ƙarya ake yi ba. Abin da nake cewa shi ne mai sayarwa yana faɗa maka abin da za ka samu, ba ya faɗa maka abin da za ka biya.

Ga misali daga nan ƙasar. Ƙaramar motar nan Mini da aka ƙera a Oxford daga 2001 zuwa 2006 ta zo iri-iri, kuma biyu daga ciki girman injinsu ɗaya ne, lita 1.6. Mai suna Cooper tana numfashi da kanta, tana ba da doki 115. Mai suna Cooper S tana da sufacaja, ta fito da doki 163. Wanda bai sani ba sai ya ce ai na'urar kawai aka ɗora. Ina! Sai da injiniyoyin suka rage yadda fistin yake matse iska daga ninki 10.6 zuwa 8.3, suka sa na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga injin, har akwatin giya suka sauya zuwa mai giya shida. Wato su da suka ƙera injin da hannunsu ba su yarda su ɗura masa iska ba sai da suka sake masa hanji. Kai kuma Auta, injin da ya doshi shekara ashirin, wanda ya gama yawonsa a Amurka ya biyo ta Kwatano, wanda ba ka san sau nawa aka juya masa mita ba, shi za ka ɗora wa wannan nauyi da sifana da fulaya a bakin titi? Tsohon jaki ne ka ce za ka yi sukuwar sallah da shi.

Dalili na biyu, zafi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, wanda ya taɓa buga wa keke iska ya taɓa bakin famfon ya san haka. Iska mai zafi kuma ita ce ke sa mai ya fashe kafin lokacinsa a cikin injin, ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma. Shi ya sa ake haɗa sufacaja da na'urar sanyaya iska, ita kuma da iskar waje take sanyayawa. A nan Birmingham, idan zafi ya kai awo 25 sai ka ga Turawa sun tuɓe riguna sun bazu a Cannon Hill Park. A Kano kuwa, watan Afrilu awo 40 ba labari ba ne. Ka tsaya a cunkoson Kofar Ruwa ko na Kurna da azahar, kwalta tana tiriri, eyasi a kunne, da me za a sanyaya iskar? Sannan ga ƙurar hunturu, wadda ke toshe filtar iska cikin 'yan makonni, kuma abin da ya tsallake filta yashi ne zai riƙa wucewa ta cikin na'urar da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya.

Dalili na uku, mai. A nan kowane gidan mai yana rubuta lambar ingancin fetur a jikin famfo. Na kowa da kowa 95 ne, mai tsada kuma 97 zuwa 99, kuma masu sayar da irin wannan na'ura yawanci mai tsadan suke cewa a sha. A gida fa? Fetur fetur ne, ka sha abin da ka samu, in layi ya yi tsawo ka tsaya wurin 'yan bumburutu. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, motoci suka riƙa lalacewa, hukuma da kanta ta amsa cewa ya shigo. Injin da ke numfashi da kansa yana da haƙuri, yakan shanye mai marar kyau ya yi tari ya wuce. Wanda ake yi wa ɗura ba shi da wannan sararin. Ko dai kwamfutar motar ta ji bugun ta janye wuta, ƙarfin da ka saya da tsada ya gudu, ko kuma ta kasa, fistin ya huje. Ban ma zo kan kuɗin man ba. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ƙarin iska ƙarin mai ne, babu wata dabara. Wa zai riƙa cika tankin? Na san amsar, domin lambar wayata za a kira.

Dalili na huɗu, mai gyara. Ina girmama makanikanmu, na ga yadda suke tayar da motar da Bature zai jefar a bola. Amma mu faɗi gaskiya. Mu ne fa da mota ta iso daga waje abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Sufacaja kuwa sai an sauya nozul, wani lokaci har da famfon mai, sannan a ɗora motar a kan na'urar gwaji a zauna da kwamfuta a daidaita mai da wuta a kowane mataki na gudu. Kuskure kaɗan a wannan lissafi ya isa ya narkar da fistin. Ran da bel ɗinta ya tsinke a Kwanar Dangora, a wane shago za ka samu irinsa? Sai dai a sake bugo mini waya, a jira wata guda mota tana jibge.

Kada ku ce karatun littafi nake yi muku. Ni ma na taɓa faɗawa. Shekarata ta uku a ƙasar nan na ga tallar wata ƙaramar mota a Manchester, mai ita ya ɗaura mata sufacaja da kansa. Na hau jirgin ƙasa na je, ya buɗe mini bonet, komai yana ƙyalli, ya zaga da ni unguwa sau biyu, na ji bayana ya manne da kujera. Ko ciniki ban yi sosai ba na biya. Da na kira masu inshora, domin a nan dole ne ka faɗa musu duk sauyin da aka yi wa mota, in ka ɓoye kuma aka yi hatsari suna iya ƙin biya, sai kamfani biyu suka ce ba sa so, na ukun ya yanka mini kuɗin da sai da na zauna. Wata biyar na yi ina jin ni ma wani ne a Hagley Road. Wata ranar Lahadi ina dawowa daga ziyara a Manchester, a babbar hanyar M6 kusa da Stafford, na taka don in wuce wata babbar mota, sai na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Na tsaya a gefen hanya cikin ruwan sama fiye da awa biyu ina jiran motar ja. Da aka buɗe injin, fistin ɗaya ya huje, ka iya zura yatsa. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar, na sayar da ita a matsayin ƙarfe. A lokacin na ce muku sayar da ita na yi don na gaji da ita. To yau kun ji gaskiya. Wannan fa a ƙasar sanyi ke nan, da mai mai kyau, da titi sumul. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Auta ya ce mini ai manyan motocin duniya duk da ita suke. Gaskiya ne wasu suna da ita, kuma a nan kusa da ni aka yi su. Masana'antar Castle Bromwich, 'yan mila kaɗan daga inda nake zaune, ta ƙera jiragen yaƙi na Spitfire wajen 12,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma injinsu yana da sufacaja. Amma su dalilinsu a fili yake: can sama iska ba ta da kauri, dole a ɗura. Daga baya masana'antar ta koma hannun Jaguar, ta yi ta fitar da motoci masu injin lita 5 da sufacaja har zuwa 2024 da aka daina haɗa motoci a wurin. Irin wannan injin yana ba da doki 385 in yana numfashi da kansa, 510 in an sa masa na'urar. Sai dai tun daga takarda aka zana shi don haka, da birkinsa da tayoyinsa da lagiretonsa. Ko maganar tudu aka bi, injin yakan rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Da a Jos kake, mai tsayin wajen mita 1,200, da na ce kana da rabin hujja. Kano ba ta kai mita 500 ba.

Wannan gardama ma ta girme mu duka. A 1929 wani direban tsere na Ingila, Tim Birkin, ya dage sai an sa wa motar Bentley mai lita huɗu da rabi sufacaja. Mai kamfanin, W. O. Bentley, bai so ba, shi a ganinsa in ana son ƙarfi a ƙara girman injin. Birkin ya nemi kuɗi a waje ya yi abinsa, ƙarfin motar tseren ya tashi daga wajen doki 130 zuwa 240. Aka je tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1930. Motar Birkin ta yi gudun da ya ba kowa mamaki, amma ita da 'yar uwarta babu wadda ta kai ƙarshe. Mercedes mai sufacaja da suka yi ta kora ita ma ta mutu a hanya. Wadda ta ci ita ce Bentley Speed Six mai lita shida da rabi, mai numfashi da kanta. Abin dariyar ma, a 1929 da ita wannan Speed Six ɗin shi kansa Birkin ya ci tseren, tare da Woolf Barnato. Mu kuwa rayuwar motarmu a gida ba tseren minti biyar ba ce, Le Mans ce ta kullum: Kano zuwa Kaduna, Kano zuwa Katsina, biki, jana'iza, asibiti da tsakar dare. Wadda za ta kai ka ta dawo da kai ita ce mota. Kuma kada a raina injin da ba a yi wa ɗura, Honda ɗin nan da kanta ta fitar da S2000 a 1999, lita 2 kacal, doki 240, babu sufacaja babu turbo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ya sa na ƙi ko da kuɗin a aljihuna suke. Auta, ina za ka da wannan gudun? Motarka a yadda take tana wuce kilomita 160 a awa. Dokar hanya a Najeriya ta tsayar da ƙaramar mota a 100 a babbar hanya, a nan ma mil 70 ne, wato kilomita 112. Littafin dokokin tuƙi na nan ya nuna mai gudun kilomita 80 yana bukatar mita 53 kafin ya tsaya, mai 112 kuma mita 96, a busasshen titi da taya mai kyau. In aka bi wannan lissafi zuwa 160, ana maganar wajen mita 180, kusan filin ƙwallo biyu. Gudu in ya ninka, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. A hanyar Zariya kuwa ba a ba ka mita 180. Akuya ce, ko ɗan acaba, ko Adaidaita da ya juyo ba sigina, ko almajiri da kwanonsa. Na ga hotunan da kake ɗorawa na wasan mota ranar ɗaurin auren abokinka, ana juyi ana tayar da ƙura yara suna tsaye a gefe suna ihu. Kada ka ɗauka ban gani ba. A nan Birmingham sai da majalisar birni ta je babbar kotu ta karɓo umarnin hana irin wannan taron tsere a kan titi, aka sabunta shi a 2024, wanda ya karya yana iya kwana a gidan yari. Ba don Turawa ba sa son nishaɗi ba ne, gawa suka gaji da ɗauka. Mu a gidanmu mun riga mun karɓi gaisuwar mutum ɗaya da hanya ta ci, kowa ya san wanda nake nufi, kuma ni na riƙe Hajiya a ranar. Ba zan sa kuɗina in sayo abin da zai sa a sake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan nan ba.

Yaya, ka ce a bar yaro ya yi zamaninsa. Na yarda, amma sai yana raye zai yi shi. Hajiya, ki gafarce ni, wannan karon ba zan bi umarnin ba, kuma na san da kin san abin da ƙarfen yake yi da ke za ki fara hanawa.

Don kada a ce na hana kuma ban ba da komai ba, ga abin da na ɗauka a kaina. Zan aiko da kuɗin sababbin tayoyi huɗu, sababbi fil, ba na Beljiyam ba. Auta, ka duba gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka turo mini hotonsu kafin ka biya. Zan aiko da birki na gaba da na baya, a kuma zubar da tsohon man birki a sa sabo. A mayar da tamostat, a wanke lagireto a zuba ruwan da aka yi domin shi. A sa fulogi na asali da sabuwar filtar iska, a wanke nozul, a sauya man giya, a duba shokozoba. Na yi maka alkawari, dawakan da motar nan ta zubar a hanya cikin shekara ashirin, da yawansu za su dawo, za ka ji ta kamar ba ita ba, kuma za ta tsaya lokacin da ka ce ta tsaya. In ka lissafa, abin da zan kashe bai yi ƙasa da kuɗin na'urar ba sosai, sai a daina maganar rowa. In kuma ƙarfin kake so ido rufe, ka yi haƙuri ka tara, ka sayar da wannan ka sayi mai silinda shida wadda kamfani ya haɗa da birkinta da giyarta. Ran da ka kawo rabin kuɗin da guminka, ka kira ni mu yi magana.

Na san za ka yi fushi, wataƙila ka yi sati biyu ba ka ɗauki wayata ba. Ba komai, na saba, tun kana rarrafe nake hana ka wasa da wuta kana cizo na. Kawu, don Allah in ya zo gaishe ka ka ƙara ja masa kunne, ya fi jin maganarka. Wanda kuma yake ganin akwai inda na zalunci yaron nan, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mini hujjarsa, amma ya haɗo da sunan makaniken da zai daidaita na'urar da gidan man da za a riƙa sha.

A gaishe da yara duka, a ce wa Hajiya maganin ƙafarta yana hanya tare da mai zuwa ƙarshen wata. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam,
Naku na Edgbaston.